Bayyarar Gidanmu na Bani Malik

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya saya mana gida a Jidda, a bayan unguwar Bani Malik, a wani lungu da mota ɗaya ce take iya shiga, ita ma sai ta naɗe madubinta. Kafin nan a ɗaki biyu na haya muke, a saman wani shagon taya. Tun da na yi wayo nake jin Umma tana cewa ita ba ta roƙon Allah komai na duniya sai tsakar gida, inda za ta shanya kayanta ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Gidan da aka samu yana da tsakar gida. A kusurwarsa akwai darbejiya guda, kore shar, ganyenta har sheƙi yake yi. Ita na fara gani, kuma ita ta hana ni ganin komai. Ban tambayi kaina me take sha ba a garin da ake shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba.

Mai gidan wani dattijo ne ɗan garin su Baba. Baffa muke ce masa, ko da yake ba jini ɗaya ba ne. Shi ya tarbi Baba lokacin da ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma ba, shi ya sama masa kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa a wurin hukuma, shi ya kai shi sito a tashar jiragen ruwa inda ya yi aiki har furfura ta fito masa. Baba ba ya zama a kujera idan Baffa yana cikin ɗaki. Gidan ba shi da takardar hukuma, kamar yawancin gidajen lungun. Takardar hannu ake rubutawa, shaidu biyu su sa hannu, a sha shayi, halas, magana ta ƙare.

Unguwar ba ta da bututun da ke kwashe ƙazanta. Kowane gida yana da bayyararsa, wato rami ne da aka gina da bulo aka rufe da siminti, duk ruwan banɗaki da na wanke-wanke can yake taruwa. In ta cika sai a kira wayit, babbar motar tanki mai launin ruwan ɗorawa, ta zo da tiyo ta zuƙe. Bayyara mai kyau ƙasa ce take tsotse mata ruwa, sai a yi wata biyu ko uku ba a kira mota ba. Wadda ruwan gishirin ƙarƙashin Jidda ya riga ya kama kuwa, ita ce take shan ruwa daga ƙasa. A kwashe ta yau, kafin mako ya zagayo ta kawo iya wuya.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Yaman ta gaya wa Umma yadda masu saye suke dubawa. A je ba sanarwa, a ɗaga murfin gaba ɗaya, a zura doguwar sanda a yi mata alama, sannan a dawo bayan kwana uku a sake zurawa. Umma ta kawo wa Baba maganar da safe yana cin burodin tamis da waken ful.

"Sanda?" in ji Baba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "In ɗauki sanda in je gidan Baffa in auna abin da iyalinsa suka yi?"

"Kowa haka yake yi, Malam."

"Kowa ba a hannun Baffa ya ci tuwon farko a ƙasar nan ba. Kuma in koma bayan kwana uku in ce masa me? Na zo in ga ko ƙarya ka yi mini?"

"Ka ce matarka ce mai fitina. Na yarda a ce ni ce."

"Wannan ba sai na faɗa ba, ya sani."

Umma ta yi dariya, amma ba ta saki maganar ba. Baba ya ce ta kwantar da hankalinta, shi ya san yadda ake duba shadda tun kafin a haife ta. A garinsu tsakuwa ake jefawa a kasa kunne. In ta daɗe kafin ta yi ƙara, ramin yana da sauran shekaru. Kakansa ya haƙa tasu, in ji shi, har ya baro gida ba a taɓa jin ta cika ba. Ya manta cewa garinsu a kan busasshiyar ƙasa yake, inda masu haƙar rijiya suke wahala kafin su ga danshi, mu kuwa a bakin bahar muke.

Ya aika wa Baffa tun ranar Talata cewa za mu zo Juma'a bayan la'asar, domin ba a faɗa wa babba gida kamar ɗan sanda. Ni ma aka tafi da ni. Na tuna an share tsakar gidan tas, an yayyafa ruwa, ƙamshin turaren wuta yana tashi daga kowace ƙofa. Bayyarar tana tsakiya, tsakanin banɗaki da darbejiyar. Baffa ya nuna ta da carbinsa.

"Ga ta nan, ɗana. A kawo ƙarfe a ɗaga maka murfin, ka gani da idonka."

"Haba Baffa, Allah ya kiyaye."

"A'a, ciniki ne, duba."

Baba ya tsuguna. Bai taɓa babban murfin ba. Ɗan ƙaramin marfin ƙarfen da ke tsakiya kawai ya ture, ya kau da fuskarsa gefe don kada a ce ya leƙa, ya ciro tsakuwa daga aljihu ya saki. Duk muka yi tsit. Can sai muka ji ta, 'yar ƙara siririya daga nesa, kamar an taɓa kofin tangaran da cokali.

"Wannan ai rijiya ce," in ji Baba, yana murmushi yana kallon Umma.

"Ni ko fuskar direban wayit ban sani ba," in ji Baffa.

Ni kuwa ƙarar ta yi mini daɗi har na rubuta ta a littafin insha'ina. Na ce sabon gidanmu yana da rijiya a ƙarƙashinsa mai amsawa in an kira ta. Malamarmu ta ja layi ƙarƙashin jimlar da jan biro, ta rubuta cewa ta yi kyau.

Kwananmu tara da tarewa banɗaki ya fara gurnani. Umma ta zuba ruwa, ruwan ya tsaya yana kallonta, sannan ya dawo da abin da ba ta zuba ba. Baba ya je bakin titi ya samo wayit. Direban ya shigo lungun da baya, ba wanda ya yi masa jagora, ya tsaya daidai inda tiyonsa zai kai. Ya sauko yana gaisawa kamar ɗan gida.

"Ina dattijon? Ya tashi ke nan? Ai ranar wata Juma'a ma da sassafe na zo masa. Ya ce in tsotse har ƙasa, yana da baƙi."

Baba yana tsaye da hularsa a hannu. Motar ta yi ta ruri, mu muna ɗaki mun toshe hanci da mayafi.

Baba bai taɓa yi wa Baffa maganar ba. Duk sallah sai ya sa sabuwar riga ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya ce, "Yaya gida?" Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, Baffa." Haka suka yi har Baffa ya koma ƙasarmu, ya rasu a can. Baba ya yi kuka da ya ji. Umma kuwa tun daga ranar ba ta sake taka ƙofarsu ba, ko ta'aziyya a waya ta yi, a taƙaice.

Shekara tara muka yi a gidan. Muka koyi tsoron ruwa. Wanka a cikin babban baho muke yi, in an gama a ɗauki ruwan a watsa a lungu da tsakar rana don rana ta shanye. Ruwan wanke shinkafa a wanke tukunya da shi. In baƙuwa ta shiga banɗaki ta daɗe, sai in ga Umma tana sauraren famfo, fuskarta tana murmushi, yatsunta suna murza bakin zane. Gishiri ya riƙa fitowa a jikin bango, fari kamar gari, fenti yana kumbura yana zubowa. Wari ba kullum yake ƙarfi ba, amma ba ya tafiya. Yana shiga katifa, yana shiga burodi. Wata rana a aji yarinyar da ke kusa da ni ta shinshina hijabina ta ce da Larabci, a hankali, ba da mugunta ba, "Ku ma taku tana cika?" Daga ranar na koma zama kusa da taga.

Baba ya taɓa kawo mai haƙa don a yi sabuwa a ƙofar gida. Mutumin bai kai ƙirjinsa ba ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙafafunsa. Ya fito ya ce, "Alhaji, bahar ne a ƙarƙashinku. Ko goma na haƙa, goma za su cika." Aka mayar da ƙasar.

Umma ta samu tsakar gidanta, amma ba ta iya daɗewa a ciki. Tari ya fara kama ta a shekara ta huɗu. Da farko lokacin zafi ne kawai, daga baya ya zama na kullum, har numfashinta yana fito kamar ana busa ƙaramar sarewa. Likita ya ce danshi ne, kuma magani ba zai yi komai ba in ba ta bar wurin ba. Ba mu da inda za mu koma sai an sayar da gidan, kuma ba wanda zai saye shi in ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Haka muke gani a lokacin.

Ni na gama sakandare na zauna a gida. Ina da Larabci mai kyau da rubutu mai kyau, sai matan Hausawa suka riƙa kawo mini takardunsu, na asibiti, na iƙama wato izinin zama, wasiƙar makarantar yara, ina karanta musu ina fassarawa. A cikinsu akwai wata mata 'yar Damagaram mai sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Bab Makka. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu a ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene. Khala nake ce mata, wato inna da Larabci, ita kuma tana ce mini Malama, ko da yake a shekaru ta haife ni. Duk Alhamis nakan je ɗakinta in koya wa yaran karatu. In zan tafi sai ta cusa mini ɗan ƙyalle ko dabino a jaka, ta ce in na ƙi karɓa ta yi fushi har Muharram.

A ɗakin nan babu inda za a miƙe ƙafa, ga zafi. In yaran sun gaji da karatu sai in ba su labarin gidanmu. In ce da la'asar inuwar darbejiya tana tafiya a kan siminti kamar mai rarrafe, in ce kurciyoyi suna sauka su sha ruwa a murfin tukunya. Duk gaskiya ne abin da na faɗa. Khala tana ninke kaya tana ji. Da labari ya kai mata cewa za mu sayar, ita ta fara zuwa, ta ce shekarunta na kasuwa duk don irin wannan ranar take tarawa.

Aka sa ranar Alhamis za ta zo ta duba. Ranar Litinin aka yi wa bango sabon fenti. Ranar Laraba Umma ta kira direban wayit ta ce ya zo gobe da sassafe, ya tsotse har ƙasa. Ina tsaye a bayanta lokacin da take wayar. Da ta ajiye na ce, "Umma, Khala ce fa."

"Na san ko wace ce."

"Yaranta huɗu."

"Mu wa ya gaya mana?" Ta juyo, idonta ya yi ja saboda tari. "Wa ya ce wa ubanki akwai yarinya a gidan nan, a ji tausayinta? Share gida za mu yi. In ta kawo mai dubawa ya duba."

Na sami Baba a zaure yana goge takalminsa na aiki. Na durƙusa kusa da shi.

"Baba, za a gaya mata?"

"Tana da ido. Ni ba zan faɗa mata abin da ba haka ba."

"Abin da yake haka fa?"

Ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli. Daga cikin ɗaki tarin Umma yana fitowa, ɗaya bayan ɗaya.

"Kina jin wannan?" ya ce. "To."

Ranar Alhamis rabin yini ake yi a sito, azahar Baba yake dawowa. Ranar bai dawo ba sai magariba. Har ya rasu mutane suna shaidarsa da cewa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma gaskiya suka faɗa.

Khala ta zo bayan azahar tare da wani tsohon magini ɗan Chadi, siriri, mai jan gemu, riƙe da doguwar sanda da aka naɗe bakinta da leda. Turare yana tashi, an yayyafa ruwa, ni na share tsakar gidan da hannuna. Khala ta tsaya ƙarƙashin darbejiyar ta ɗaga kai, ta ce, "Malama, ashe ba ki ƙara gishiri ba." Ta fara nuna inda za ta ɗaura igiyar shanya da inda autarta za ta yi wasa.

Magini bai kalli bishiya ba. Ya sa ƙarfe ya ɗaga babban murfin gaba ɗaya, ya kwanta rub da ciki ya haska da tocila. Ya zura sanda ya zaro, bakinta kaɗai ya jiƙe. Ya sake haskawa, ya daɗe yana kallon bangon ramin, inda wani baƙin layi ya zagaye kusa da sama. Ya tashi yana kakkaɓe rigarsa.

"Hajiya, wannan bayyara an yi mata wanka kamar amarya. Yaushe aka kwashe?"

"An kwana biyu," in ji Umma.

"Ni ma da na zo neman aure haka aka ce mini, an kwana biyu ba ta yi faɗa da kowa ba." Ya yi dariya shi kaɗai. Ya juya wajen Khala. "Ban ce komai ba tukuna. Zan dawo ranar Lahadi in sake zurawa. Sanda ba ta jin kunyar kowa."

"Lahadi kuma? In sake rufe kaya in hawo mota, kai ma in sake ɗauko ka kana cika mini kunne?" Khala ta ɗaga hannu. "Tsaya. Bari in tambayi wadda ba ta ƙarya. Malama, zo nan."

Ina bakin ƙofar kicin da tiren shayi. Na ajiye na zo. Ta kama wuyan hannuna, tafinta da kaushi saboda jan atamfa, ta dube ni.

"Ke nake tambaya, 'yata, ba uwarki ba, ba wannan tsohon ba. Tana riƙe ruwa, ko ƙasa tana sha?"

A bayanta ina ganin Umma. Ta danna mayafi a bakinta, kafaɗunta suna rawa, tana danne tari don kada ya fito a gaban mai saye. Jijiyar wuyanta ta tashi. Ba ta kalle ni ba, ba ta yi mini wata alama ba.

Na ce, "Tana sha, Khala. Lafiyarta ƙalau."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma bakina ya ci gaba da kansa, a natse, da muryar da nake karanta mata takardu. Na ce, "Sai mu yi wata biyu ba mu ga wayit ba." Ba wanda ya tambaye ni wannan.

Khala ta saki hannuna ta shafa kumatuna. Magini ya dube ni, ya dubi ramin, ya ɗaga kafaɗa.

"To, tunda Malama ta ba da fatawa, sandata ta huta. Yalla, a kama mini murfin nan."

Ni na rubuta takardar cinikin, da yake ni ce mai rubutu mai kyau. Har da layin da aka saba sawa, cewa mai saye ta duba gidan ta yarda da shi yadda yake. Na karanta mata da Larabci, na fassara da Hausa, ta dangwala yatsa. Baba ya sa hannu da ya dawo, bai tambayi yadda aka yi ba.

Muka kama haya a hawa na uku a wani bene can gabas, inda iska take shiga ta taga biyu. Kafin wata biyu tarin Umma ya ragu, kafin wata huɗu ta daina amfani da abin shaƙa. Ta yi ƙiba, ta koma rera waƙa in tana girki. Na yi ta jiran wani abu ya same mu, ba abin da ya same mu. Na aika wa Khala cewa wurin ya yi nisa, ba zan iya zuwa karatun Alhamis ba. Ta aiko da gaisuwa da ɗan mayafi shuɗi. Ban taɓa yafa shi ba, ban kuma iya bayarwa ba.

Wata bakwai ban je Bab Makka ba. Ana saura kwanaki sallah Umma ta ce in raka maƙwabciyarmu mu sayo yadi. Na san layin da Khala take zama, na ja matar muka bi ta wani. Ban san ta sauya wuri ba. Ina taɓa wani leshi na ji an ce, "Malama."

Fuskata a rufe take, amma ta gane ni. Tana zaune a kan ƙaramar kujera a tsakiyar kayanta, ta rame kaɗan. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Umma, ta tambayi Baba, ta ce yaran suna ta cigiyata, autar har ta iya rubuta sunanta. Na amsa duka, ina jira.

"Kwana takwas," ta ce, tana gyara ninkin wata atamfa. "Rana ta takwas bayyarar ta dawo mana cikin banɗaki. Direban ya ce in gaishe ku."

"Khala..."

"Tsaya, ban gama ba. Ba zagin ki zan yi ba, kasuwa ce nan." Ta yi wa wata mai wucewa tayi, matar ba ta tsaya ba, ta dawo kaina. "Kin ga ɗakin da muke. Kin zauna a ciki, kin ga 'yan mata huɗu suna kwana kamar kifi a gwangwani. Da kin ce mini, Khala, tana cika duk mako, kina tsammanin zan fasa? Ina zan samu tsakar gida a garin nan da abin da ke hannuna? Wallahi da na saya. Sai dai in shiga da sanina, in san da me zan kwana. Tsohon nan ya gaya mini a mota muna komawa, ya ce Hajiya akwai layi a bangon ramin. Na ce masa ya rufe mini baki, yarinyar nan ni na san ta."

Na kasa ɗaga kai. Ina kallon ƙafafunta a cikin silifas, duk sun tsage, fatar ta yi fari-fari irin na mai yawan tsayuwa cikin ruwa. Na so ta ɗaga murya, ta tara mini jama'a. Ba ta yi ba. Ta zuge jakarta ta ciro wata takarda da aka ninka huɗu.

"Shekaranjiya na tarar da wannan manne a ƙofa. Ruwa ya fita lungu, maƙwabta sun kai ƙara. Babbar tawa ta gwada karantawa, Larabcin ya fi ƙarfinta. Ban son in kai wa namiji, gobe duk kasuwa ta ji." Ta miƙo mini. "Karanta mini. Abin da aka rubuta fa. Kada ki gyara mini komai."

Na buɗe. Gargaɗi ne daga baladiyya, hukumar gari. An ba ta 'yan kwanaki ta hana ƙazanta fita titi, in ba haka ba za a ci ta tara, kuma ma'aikata za su dawo su duba, a tanadar musu takardun gida da na mazauna gidan. Na san biyu daga cikin yaranta ba su da iƙama, ni na sha karanta mata takardun neman.

Na karanta mata a tsaye a tsakiyar kasuwa, layi bayan layi, da Larabci sannan da Hausa. Da na iso wurin takardun mazauna gida na tsaya, Khala ta ce, "Ci gaba." Na ci gaba har ƙarshe, har kwanan wata da hatimi.

Ta karɓa ta ninka ta mayar cikin jaka.

"Na gode, Malama," ta ce. "Matsa kaɗan, kin tare mini masu saye."